Gurbin Gwiwoyin Kaka a Kan Kafet

Na ga saƙonninku. Masu tambaya ko an sa rana, da masu cewa in turo hoton rigar da zan saka ranar da iyayenmu za su haɗu, duk na karanta, amsawa ce ta gagare ni. Rigar tana nan rataye a bayan ƙofa cikin ledarta, ruwan toka mai ɗan haske, ko takardar farashinta ban cire ba. Yau ba labarin riga zan ba ku ba, labarin kafet ne. Kada ku yi dariya. Ni ma da wata ce ta ce min kafet zai iya shiga tsakanin mace da wanda take so, da na ce ta cika neman magana.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Kazuha Mizushima. A birnin Kanazawa na ƙasar Japan aka haife ni, na karanta shari'a, ina aiki a ofishin birni da ke sauraron koken waɗanda aka cuta a ciniki ko a haya. Kakata ta wajen uwa, Kaka Fusae, ta rasu a watan Satumba. Ta yi shekara ashirin da wani abu a ɗaki biyu da kicin, a hawa na biyu na wani tsohon ginin haya na iyalin Ogata. Shunpei, wanda zan aura, ɗan gidan Ogata ne, shi ke kula da gidajen hayarsu.

A ɗakin Kaka na fara ganinsa. Ya zo gyaran tukunyar ruwan zafi, hannun riga a naɗe, Kaka ta tsare shi da shinkafa da gasasshen kifi, ta ce ba mai yi mata gyara da yunwa. Daga ranar ya riƙa samun abin gyara a ɗakin nan duk Asabar, har ƙofar da ba ta ƙara sai da ya ɗiga mata mai. Kaka ta ja ni kicin ta ce, "Yaron nan zai ƙarar da man garin nan kafin ya buɗe baki. Ki taimake shi mana."

Na taimake shi. An tsayar da ƙarshen watan Nuwamba don iyayenmu su zauna su ci abinci tare a sa rana.

Bayan addu'ar kwana arba'in da tara muka kwashe kayan Kaka. Ya rage a mayar da makulli, ranar da wakilin mai gida ke zagaya ɗaki tare da ɗan haya, a duba abin da ya lalace, a ga nawa za a cire daga kuɗin ajiyar da aka bayar tun ranar shiga. Na sa baƙin siket da rigar sanyin Kaka mai ruwan ƙasa, wadda har yanzu take ƙamshin turarenta. Na zo da shayi mai zafi gwangwani biyu a aljihu, ina tunanin za mu zauna a ƙasa mu sha, mu yi wa ɗakin ban kwana tare.

Shunpei ya shigo cikin kwat shuɗi mai duhu, ya ciro silifas ɗinsa daga jaka ya saka, ya rusuna.

"Mizushima-san, mun gode da kika ba mu lokacinki."

Sunan gidanmu ya kira, har da "san" na girmamawa da ake yi wa baƙo. Sai da na waiwaya in ga da wa yake.

"Shun, ni ce fa. Sanyi ne ya taɓa maka kai?"

"Ina bakin aiki, Kazu," ya faɗa ƙasa-ƙasa, kamar akwai mai jin mu a ɗakin da ko labule babu.

Ya duba bango, ya duba kicin, ya buɗe famfo ya rufe. Sannan muka shiga ɗakin ciki.

Kafet ɗin ginin nan irin wanda aka manne daga bango zuwa bango ne, launinsa ya taɓa zama ruwan ƙwai. Kaka da kanta ta ce ba sabo ta tarar da shi ba. A kusurwar gabas nan ne akwatin ibadarta na baƙin katako yake a da, da hoton marigayi mijinta a ciki. Kullum da safe takan durƙusa a gabansa, ta kunna turaren tsinke, ta ajiye masa 'yar shinkafa, ta ba shi labarin unguwa kaf, har da wanda ya fitar da shara ba a ranarta ba. Da muka ɗauke akwatin, sai ga gurbi biyu a kafet, sun lotsa, sun yi sumul, daidai gwiwoyinta. A gabansu kuma ƙananan tabon ƙuna kamar an watsa riɗi, inda tokar turare ta riƙa zuba.

Shunpei ya durƙusa. Zuciyata ta yi sanyi, na ɗauka gaisuwa zai yi, domin a daidai wurin nan ya taɓa durƙusawa kusa da ita, ya haɗa hannu, ya gaya wa hoton cewa yana neman jikarsa. Sai na ga ya ciro waya. Ya ɗauki hoto daga sama, ya ɗauka daga gefe, ya ajiye biro kusa da tabon don a ga girmansu, ya sake ɗauka.

"Wannan sai na tura ofis," ya ce.

"Ka tura me?"

"Ƙa'ida ce kawai. Kada ki damu."

Na ba shi makulli. Shayin ya huce a aljihuna, ban fito da shi ba.

Ranar Laraba, ina cin abincin rana a teburina, saƙo ya shigo daga lambar ofishinsu. Bayan doguwar gaisuwa da ta'aziyya, aka ce saboda ƙuna da lalacewa sakamakon rashin kulawar mai haya, za a sauya kafet na ɗakunan biyu gaba ɗaya. Kuɗin ajiya ya tafi duka, kuma akwai ciko a kanmu.

Rashin kulawa. Matar da take goge matakalar ginin nan da hannunta duk Lahadi ba wanda ya sa ta.

Jama'a, wannan fa shi ne aikina. Ba makon da zai wuce ban zauna da wata tsohuwa tana murza jakarta a cinya ba, tana ce min mai gida ya riƙe kuɗinta. Kullum abu ɗaya nake gaya musu. Tsufan kaya na mai gida ne, don shi ake biyan haya wata-wata. Kafet da ya wuce shekara shida darajarsa ta ƙare a lissafi, balle wanda ya girmi wasu ma'aikatan ofishinmu. In akwai abin da ɗan haya ya ɓata, wurin da ya ɓata kaɗai ake magana a kai. Sai su gyaɗa kai, su yi godiya, su rusuna har ƙasa, su tafi gida su biya. Me ya sa? Kada a ce sun tada fitina. Abin da ke cin mu a ƙasar nan ke nan: an koya mana cewa wanda aka cuta shi zai ji kunya. Na sha faɗa a ofis har shugabana ya ce in rage murya. Ban taɓa tunanin saƙon zai zo wayata ba.

Na tura wa Shunpei hoton saƙon. Na rubuta, "Kuskure ne ko?" Alamar an karanta ta fito nan take. Amsa ba ta zo ba.

Da yamma na tarar da Mama a kicin tana yanka farin radish, mai kama da babban karas, tukunyar miyar miso, daddawarmu ta waken soya, tana tafasa. Mama ita kaɗai ta raine ni, da albashin shagon sayar da abincin kwali. Na karanta mata saƙon. Wuƙar ba ta tsaya ba.

"Sai a biya," ta ce.

"A biya me? Mama, ba su da haƙƙi. Zan biya ladan gyaran inda ya ƙone, wannan gaskiya ne, turarenmu ne. Amma ɗaki biyu?"

"To, lauya ta fara. Wanke hannu ki ɗauko kwanuka."

"Da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake. Wace amarya kika taɓa ji ta fara gaida surukarta da dokar kafet? Saura mako nawa mu zauna tebur ɗaya da mutanen nan? So kike in kasa haɗiye abinci?"

"Su ya kamata su kasa haɗiyewa."

Ta ajiye wuƙar ta dube ni. "Kazuha, bakin nan naki shi ya kori saurayinki na farko, shi ya kori na biyu. Wannan ya zauna. Yaro mai hankali, mai gida, mai sana'a. Ki bar shi ya zauna."

Ban ci abincin kirki ba. Sai washegari da safe saƙonsa ya zo: "Yi haƙuri, aiki ya yi yawa. Na samo mafita. Mu haɗu Asabar, wurin taliyarmu."

Ku ji yadda zuciya take da wauta. Na yi murna. Na wanke gashi, na sa jan siket ɗin da yake so da farar rigar ulu, har da 'yan kunnen da ya saya min a bikin bazara. Ina tafe cikin yayyafi ina ce wa kaina, ai na sani, Shun ba zai bari ba.

Ya riga ni zuwa, ya yi min odar taliya da soyayyen jatan lande, ya tura min nasa jatan landen a kwanona kamar yadda ya saba.

"Kin rame," ya ce.

"Kai ka ramar da ni, Ogata-san mai silifas."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Sannan ya matso da kujerarsa.

"Kin san inshorar gobara da kowane ɗan haya yake yi? Ta Kaka ba ta ƙare ba sai ƙarshen shekara. Na duba."

"Ba ta biyan abin da ya lalace a hankali. Sai hatsarin da ya faru farat ɗaya."

"Shi ya sa za mu ce farat ɗaya ne." Ya rage murya. "Za a ce a makonninta na ƙarshe ta ɗan rikice, ta ture kaskon turaren, garwashi ya watsu. Inshora ta biya, a sa sabon kafet, ku a mayar muku da kuɗinku cif. Ba wanda ya yi asara. Ke kawai za ki sa hannu, tunda ke kika yi jinyarta."

Na ajiye tsinken cin abincina.

"Ta rikice?"

"Magana ce kawai ta takarda."

"Shun, ana gobe za ta rasu ta gyara maka lissafin kuɗin wutar matakala. Kana tsaye. Ka ce da ita za ka ɗauka aiki."

"Na sani."

"Abin da ta fi tsoro a duniya ke nan. Ta sha ce min, in na fara rikicewa kada ki bari mutane su gani. Ba ta rikice ba ko na minti ɗaya, ta tafi da hankalinta garau, shi ne kai za ka rikita ta bayan ta mutu saboda kafet?"

"Rage murya, ana kallonmu."

"A kalla! Kuma ƙarya ce, zamba ce, ni da nake zaune a ofishin da..."

"Kowa yana yi, Kazu. Haka ake yi."

"Kai ma? Kai ma haka ake yi?"

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Na ga gajiya a idonsa, har na so in taɓa shi.

"Kin san mahaifiyata," ya ce. "Ba ni na yanke ba. Ita ba ta taɓa mayar da kuɗin ajiya a kan ƙuna ba, ba za ta fara yanzu ba. Ina tsakiya ne, ina neman hanyar da ba wadda za ta ji ciwo a cikinku. Kuma mahaifiyarki ta riga ta yarda."

"Ta yarda da me?"

Ya gane ya yi suɓutar baki.

"Shekaranjiya ta zo ofis da kwalin alewar wake. Ta ba da haƙuri. Ta ce Kaka ta ɗan rikice a ƙarshe, a yafe mata."

"Kai kuma ka ce me?"

"Me zan ce? Babba ce, ta rusuna. Na karɓa."

Na tashi. Ya riƙo hannun rigata, na zare a hankali. Na bar lemata a shagon, sai da ruwa ya jiƙa min gashi na tuna, ban koma ba.

Mama tana zaune ƙafafunta a ƙarƙashin teburin ɗumi, tana ɓare lemo. Akwatin ibadar Kaka yana kusurwar falonmu yanzu, hoto biyu a ciki. Ban ko cire jiƙaƙƙiyar rigata ba.

"Kin je kin ce uwarki ta rikice."

Ba ta musa ba. Ta ci gaba da cire zaren jikin lemon ɗaya bayan ɗaya.

"Ta rasu, Kazuha. Ba za ta ji ba. Ke ce mai rai."

"Ni na ji."

"Kina tsammani da daɗi na faɗa? Uwata ce kafin ta zama kakarki." Ta ajiye lemon. "Na yi shekara talatin ina tsaye a bayan kantar shago ina naɗe shinkafar mutane don kada ki tsaya inda na tsaya. In rusunawa ɗaya za ta sama miki gida, zan rusuna sau ɗari. Ita ma da tana nan da ta ce in je."

"Da ta jefe ki da silifas."

Mama ta yi wata dariya da ta koma kuka. Na durƙusa na rungume ta, muka yi tare. Ban ce na yarda ba, ita ma ba ta sake roƙona ba. Da za ta tashi ta ce, "Duk abin da za ki yi, ki tuna shi ma ɗan wani ne. Ba laifinsa ba ne uwarsa mai tsauri ce."

Maganar nan ce ta tsaya min. Na ce a raina, gaskiya ne, me ya sa nake faɗa da ɗan aike? In mahaifiyarsa ce ta yanke, ita zan je in samu. Na riga na fara kiranta Mama tun bazara, ta koya min yadda ake jiƙa kabu, wani farin tushen lambu, da kifi irin na gidansu. Zan durƙusa a gabanta da ladabi in gaya mata gaskiya: zan biya gyaran inda ya ƙone, ba zan sa hannu a kan ƙarya ba, kuma abin da ake yi wa tsofaffin ginin nan ba daidai ba ne. In ta ƙi, akwai kotun ƙananan ƙararraki. In ta yarda, na ceci Shun daga tsakiya, na ceci aurena.

Lahadi da hantsi na sa baƙar riga mai dogon hannu, na ɗaure gashina, na tafi gidansu ba tare da na gaya masa ba. Na tarar da ita a lambu cikin rigar aiki da hular rana, tana nuna wa masu aiki yadda za su ɗaure rassan bishiyar gidan da igiyoyi kafin dusar ƙanƙara ta sauko.

"A'a, Kazuha! Ba sanarwa? Shigo, shigo, hannunki kamar ƙanƙara."

Ta zuba min shayi, ta ajiye min zaƙin gyaɗar kurmi a ƙaramin faranti. Na durƙusa, na sa hannuwana a ƙasa, na faɗi duk abin da na haddace a hanya. Ban tsallake ko kalma ba. Har na gama ba ta katse ni ba. Da na ɗago, ban ga fushi a fuskarta ba. Mamaki na gani.

"Wace inshora?" ta ce.

Na yi mata bayani.

Ta ajiye kofinta a hankali. "'Yata, ginin nan ba nawa ba ne yanzu. Tun watan Afrilu na damƙa wa Shunpei shi, da sunansa da komai, in ga ko zai iya riƙe gida kafin ya riƙe mata. Ko takarda ɗaya ta ginin ba ta biyowa ta hannuna."

"Amma ya ce ke kika..."

"Ni abin da na ce masa, ranar da muka dawo daga jana'iza, a cikin mota, shi ne ɗakin Fusae-san kada ya taɓa ko sisi. Ba zan yi miki ƙarya ba, na riƙe kuɗin mutane a zamanina, da yawa ma. Amma ba na matar da ta goge min matakala shekara ashirin ba."

"Me ya ce?"

Ta kalli lambu, kamar tana auna ko ta faɗa.

"Ya ce ginin cike yake da tsofaffi, duk kafet ɗinsu ɗaya, duk sun san juna. In aka mayar wa ɗaya, gobe sauran za su zo da 'ya'yansu. Ya ce ke kuma za ki yi surutu kwana biyu ki huce, ya san ki."

Ban yi kuka ba. Na zauna ina kallon tururin shayin, ina jin masu aiki a waje suna kiran juna, ja nan, saki can. Ya san ni. Duk Asabar ɗin nan, duk kifin da ya ci a ɗakin nan, abin da ya koya game da ni ke nan.

"Kazuha," ta ce, "in kin fasa zuwa cin abincin nan, ba zan ga laifinki ba. In kin zo kuma..."

Ba ta ƙarasa ba. Mun ji mota ta tsaya a ƙofar gida, an rufe murfi, an taka tsakuwar lambu da sauri, irin takun da zan gane ko a cikin mutum dubu. Ƙofar gaba ta zuge.

"Na dawo!" ya ɗaga murya cikin fara'a. "Mama, kin san wa zai..."

Sai ya yi ɗif. Takalmana suna nan a jere a bakin ƙofa, ya gan su.